A Kashe Rediyo, Mun Zo Gada

Mahaifinmu direban babbar mota ne, shekara ashirin da bakwai yana kan hanyar Kano zuwa Legas, albasa da wake a tafiya, goro ko duk lodin da Allah ya hore a dawowa. Yana da wata ɗabi'a da duk yaron motar da ya taɓa aiki da shi ya sani: da zarar an hango gada, sai ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Ko kaset ɗin Shata ne ya kai inda ya fi daɗi, ko labaran BBC ake tsakiyar karantawa, ɗif. Ya sauke gilas ɗin gefensa, ya rage giya, ya yi bisimilla, ba ya ƙara cewa uffan sai tayar baya ta sauka a ɗaya hayin. Sannan ya kunna, Shata ya ɗora daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba.

Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu, tsiranmu shekara biyu, kuma tun muna yara ba a kiran ɗaya a bar ɗaya: tare ake aiken mu, tare ake zane mu. Shi ya sa ko labari za mu bayar, "mu" ce ke fara zuwa bakinmu. Sau ɗaya tak Baba ya taɓa ɗaukar mu a doguwar tafiya, lokacin babbanmu yana da shekara goma sha ɗaya, ƙaramin yana da tara. Muka bi ta Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, muna haddace sunayen garuruwa don mu je mu yi wa 'yan ajinmu burga. Rana ta yi ja muka iso Jebba. Ba mu taɓa ganin ruwa mai faɗin Kwara ba. Abin da muka sani rafi ne da ke ƙafewa da rani a buga ƙwallo a cikinsa. Ga wani ƙaton dutse ya tsaya shi kaɗai a cikin kogin, wanda daga baya muka ji Turawa sun sa masa suna Juju Rock. Baba ya kashe rediyo. Babu abin da ya rage sai gurnanin inji da wani sauti daga ƙarƙashinmu, gab-gab, a ɗan jima, gab-gab, kamar wani ne a ƙasa yake ƙwanƙwasawa yana neman a buɗe masa.

Da muka tsaya sallah da cin abinci a hayin, yaron motar, wani dogon saurayi mai son a saurare shi, ya ja mu gefe ya warware mana. Ya ce 'yan ruwa ne a ƙarƙashin kowace babbar gada, ba sa son kiɗa, kuma duk direban da ya ratsa su da waƙa, to za su kira shi ya je ya ƙarasa musu ita a ƙasa. Ƙwanƙwasar da muka ji, in ji shi, tayoyi suke ƙirgawa. Ba mu tambayi Baba ba, ba a yi wa Baba irin wannan tambaya. Muka riƙe bayanin nan fiye da shekara ashirin, har bayan mun yi digiri a kimiyyar kwamfuta mun fara ɗaukar kanmu mutanen da ba sa yarda da abu sai da hujja.

Yanzu aikinmu rubuta manhaja, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, duka a ɓangaren da kuɗi ke tashi daga wani asusu su faɗa wani. Da dare kuma, idan an gama fama da aikin yini, muna rubuta labaran ban tsoro a fayil ɗaya da muke buɗewa tare: wannan ya rubuta sakin layi, wancan ya goge rabinsa. Mun taso da littattafan yaƙi da matsafa irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da finafinan fatalwa da ake kallo a gidan maƙwabta, a rufe ido da tafin hannu a leƙa ta tsakanin yatsu. Mun gwada maƙabarta, mun gwada kangon gida da tsohuwar rijiya da kukar bayan gari. Duk sun yi, amma babu wanda ya yi kamar gada. Sai muka zauna neman dalili, irin yadda muke yi idan manhaja ta yi aiki ba mu san abin da ya sa ta yi ba, wanda a wurinmu ya fi ta ƙi yi tayar da hankali.

A duk tatsuniyoyin da kakarmu ta yi mana, ba mu tuna guda da gada a ciki. Akwai rafi, akwai gulbi, akwai mashaya, akwai Dodo da ke tare 'yan mata a bakin ruwa sai an yi masa alkawari. Amma gada babu. Kalmar ma baƙuwa ce. Masana harshe sun ce daga girder ta Turanci aka aro ta, wato dogon ƙarfen da ake ɗora shimfiɗar a kai. Abin da muke da shi tun asali kadarko ne, 'yan itatuwa da aka gitta a kan kwazazzabo, kuma kowa ya san wanda ya sare su. Babban ruwa kuwa sai da mai fito. Za ka zo bakin gulbi ka yi sallama, ku yi ciniki, ka ga fuskarsa, ya dubi ruwan ya ce yau a haye ko a haƙura. Shi ya san ruwan, ruwan ya san shi, akan ce ma tun kakanninsa akwai amana a tsakaninsu. Hatta jirgin ƙasa da farko fito aka riƙa yi masa: a Makurdi, kafin a buɗe gadar Binuwai a 1932, a jirgin ruwa ake ɗora taragai a haye da su. Da gada ta zo, sai ta soke sallamar. Ka ratsa ta saman gidan wani da gudu, ba ka gaisa ba, ba ka biya ba. Bahaushe kuwa bai yarda akwai abin da ake ci kyauta har abada ba. Daga nan, a ganinmu, aka samo zancen da za ka ji a garuruwa da yawa masu gada: wai tana karɓar rabonta duk shekara.

Amma gadar da muka fara jin tsoro ba ta ƙarfe ba ce. Tun kafin Jebba, malaminmu na Islamiyya ya riga ya shimfiɗa mana Siraɗi a kan wuta, ya siffanta mana sirantakarsa da kaifinsa, da yadda wasu za su wuce kamar walƙiya, wasu kamar iska, wasu da rarrafe. Ranar babu wanda ya yi tsokana a hanyar gida. Duk marubucin Hausa da ya sa gada a labarinsa, ko ya sani ko bai sani ba, a gonar da wannan darasi ya share yake shuka. Sai dai akwai bambanci, kuma a cikin bambancin ne tsoron da muke nema yake zaune. Siraɗi da adalci yake aiki, kowa da gwargwadon abin da ya aikata. Gadar duniya ba ta duba littafin kowa. Liman da ɓarawon akuya, amarya da jaririn goye, in suna mota ɗaya, to mota ɗaya ce.

Sauran dalilin a wurin aiki muka tsince shi. Kowa a ƙasar nan ya san baƙin cikin a cire kuɗi daga asusunsa, wanda aka tura wa kuma ya ce bai gani ba. Kuɗin ba sa nan, ba sa can. Rabin aikinmu shi ne hana wannan hali daɗewa: ko dai ciniki ya kammala gaba ɗaya, ko a mayar da komai yadda yake, tsakiya ba wurin zama ba ne. Gada ita ce tsakiyar nan, an dai zuba mata siminti. Hanya tana da gefe, kana iya ratsewa ka faɗa daji. Ɗaki yana da taga. Gada gaba ce da baya kawai, kuma idan tirela kake ja ko akwai layin motoci a bayanka, bayan ma babu. Washington Irving, marubucin Amurka, ya gane haka tun 1820 a labarinsa na Sleepy Hollow. Wani malamin makaranta yana sukuwa da dare, mahayi marar kai na bin sa, duk begensa ya kai gadar da ke kusa da coci, don an ce a nan fatalwar ke ɓacewa. Ya kai, ya haye, ya waiwaya don ya ga ɓacewarta, sai ga mahayin ya miƙe a kan likkafa yana jifan sa da kan da yake riƙe. Shekara ɗari biyu ke nan dabarar ba ta tsufa ba: ka ba mutum wuri ɗaya da ya yarda in ya kai ya tsira, sannan ka bar shi ya kai.

Da wannan ilimi, da kuma ƙuruciyar da ba ta gama sakin mu ba, muka juya ga gadar garinmu. Ba za mu faɗi sunan garin ba. Ƙaramar gada ce a kan hanyar kasuwa, mota ɗaya take ɗauka, sai wata ta tsaya wata ta wuce, kuma kafin a hau ta akwai kwana da gangara. Da rani yashi ne a ƙasa da 'yan tifa masu ɗibarsa. Da damina ruwan kan zo jawur, ya cika har ya riƙa lasar cikinta. Tun muna yara ake cewa akwai wata mace mai farin mayafi da ke tsayawa a bakinta bayan magariba tana tsayar da mota. A nan ne, wata ranar kasuwa a tsakiyar damina, motar da ta ɗauko 'yan kasuwa ta kauce ta faɗa. Cikin waɗanda aka rasa har da ɗan Gwaggo, yayar Baba, saurayi ɗan shekara goma sha tara da ya je sayar da tumaki biyu don ya haɗa kuɗin jarrabawa. Shi ya koya mana keke. Sai bayan kwana biyu aka same shi, can ƙasa, a wani gari.

Labarin da muka rubuta, mun sa masa suna "Mai Farin Mayafi". Direba ya ɗauki mace a bakin gada, ta zauna a kujerar ƙarshe, duk lokacin da ya dubi madubi sai ya ga ta matso kujera ɗaya gaba, fasinjan da ke kujerar kuma babu shi. Mun canza sunan gari, mun canza shekara, amma mun bar kwanar, mun bar gangarar, mun bar ranar kasuwa da tumaki biyu, saboda mun koyi cewa 'yan ƙananan bayanai na gaskiya su ne ke sa ƙarya ta tsaya da ƙafarta. Muka sa shi a wani zauren marubuta na WhatsApp. Cikin mako guda ya fita hannunmu. Wani ya karanta shi da murya, ya sa hucin iska da kukan mujiya a baya, aka riƙa tura shi waya zuwa waya, an cire sunanmu, an rubuta "labarin gaskiya" a sama. Mun ji daɗi, ba za mu ɓoye ba. Mutumin da ya shekara goma yana rubuta abin da ba a tunawa da shi sai ranar da ya lalace, in aka ce masa wasu da bai sani ba sun kasa barci saboda shi, dole kansa ya ɗan fasu.

Da Babbar Sallah muka je gida. Muka shiga gaida Gwaggo, muka durƙusa a bakin tabarmarta, aka gaisa, ta tambayi iyali da aiki. Ta sa jikarta ta damo mana fura. Sai da muka kai ludayi baki ta ce:

"An ce ku ne kuka rubuta na mai mayafin nan."

Jikar ce ta kunna mata, ba da wata manufa ba. Muka dubi juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Babbanmu ya ce, "Gwaggo, ƙirƙira ce kawai, ba da kowa muke ba."

"Tumakin ma ƙirƙira ce?"

Muka yi shiru. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba halinta ba ne. Ta juya carbinta ta ce, "Ni na je wurin washegari, da ƙafata. Ban ga mace ba. Abin da na gani, ƙarfen gefen nan babu shi, daga tsakiya har ƙarshe. Tun da rani aka yanke shi, kowa ya sani, ku tambayi ubanku. Aljana ba ta sayar da ƙarfe, 'ya'yan nan." Ta ɗan nisa. "Amma kun iya labari. Har na ji tsoro. Ku sha furarku."

Mun sha, don ba a ƙin furar Gwaggo, amma ba mu san ta inda ta bi ba.

Abin da ya fi ci mana rai a hanyar komawa ba kunyar an kama mu ba ce. Mu ne fa mutanen da, idan manhaja ta tsaya da tsakar dare, ba ma yarda kowa ya ce "haka kawai ta yi". Sai mun bi rajista layi-layi mun gano wa ya taɓa me, yaushe, kuma wa ya ga gargaɗi ya share. A ofis in wani ya ce aljanu ne suka ɗauke kuɗin abokin ciniki, ranar zai tattara ya-nasa-ya-nasa. Amma a kan ran ɗan'uwanmu mun ɗauki laifin da ke da masu shi, wanda ya yanke, wanda ya saya, wanda aka kai wa ƙara ya ce za a duba, muka naɗe shi a farin mayafi muka miƙa wa wadda ba za a iya gurfanar da ita gaban alƙali ba. Ba musun aljanu muke yi ba, Musulmi ne mu. Amma ƙazafi ƙazafi ne ko a kan aljani aka yi shi.

A cikin wannan damuwar ne muka faɗa karatun gadojin da suka rushe, muka ci karo da wadda ta zame mana madubi. A garin Point Pleasant na jihar West Virginia a Amurka, daga Nuwamban 1966 mutane suka fara ba da labarin wata halitta mai siffar mutum, da fukafukai da jajayen idanu, da ke bin motoci da dare. Jaridu suka sa mata suna Mothman. Bayan wata goma sha uku, ranar 15 ga Disamba 1967, da yamma ana tashi daga aiki, ga masu sayayyar Kirsimeti sun cika hanya, gadar Silver Bridge da ta haɗa garin da jihar Ohio ta rufta cikin kogi. Mutum 46 suka mutu. Daga baya aka ɗaure labaran biyu wuri ɗaya: ko dai halittar gargaɗi ta zo yi, ko ita ta jawo. John Keel ya rubuta littafi a kai a 1975, aka yi fim a 2002, yau akwai mutum-mutumin Mothman a garin, ana yi masa biki duk shekara.

Masu bincike kuwa da suka tsamo ƙarafan daga ruwa suka jera su, ga abin da suka samu. Gadar, wadda aka gina a 1928, ba a kan igiyoyin waya masu sili da yawa take rataye ba, irin waɗanda in sili ɗaya ya tsinke saura su riƙe. A kan sarƙa take, ta dogayen ƙarafa masu huda a kowane kai, bibbiyu a kowace gaɓa. A cikin hudar ɗaya daga cikinsu tsatsa da nauyi suka buɗe wata 'yar tsaga da zurfinta ya kai kamar milimita biyu da rabi, a wurin da ido ba zai gani ba sai an kwance gadar. Ƙarfen ya karye, abokinsa ya kasa ɗaukar kayan shi kaɗai ya zame, cikin kamar minti ɗaya komai ya tafi. Mun daɗe muna kallon adadin nan. Milimita biyu da rabi, kamar ƙwayar gero. Shekaru tana girma a cikin duhu, motoci na wucewa a kai, yara na barci a kujerar baya. A aikinmu mun san irin wannan wuri, wanda in shi kaɗai ya faɗi duk ginin ya bi shi. Kowannenmu ya san wasu 'yan layuka a manhajar da yake kula da ita, waɗanda wani ya rubuta shekaru da suka wuce, ya bar aiki, ba wanda ya ƙara buɗewa, kuma albashin mutane ta kansu yake bi duk ƙarshen wata. Daren da muka karanta wannan bayani babu wanda ya runtsa a cikinmu, abin da Mothman da jajayen idanunsa bai iya yi mana ba.

Rushewar ce ta sa Amurka, tun 1971, ta kafa ƙa'idar duba gadojin manyan hanyoyinta a kai a kai. Mu kuwa hanyar da Baba ya bi da mu ba ta daina ba da labari ba. A Yunin 2017 ruwan sama ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa kanta kafin gari ya waye, ta kashe mutum fiye da 150, ta karya gadoji. Irin wannan ce ake gani a labarai. Wadda ba a gani, ruwa ne ke bin gindin ginshiƙi yana ƙwaƙule ƙasa kaɗan-kaɗan, damina bayan damina, kuma inda 'yan tifa suka kwashe yashi sun riga sun rage masa aiki. Daga sama kwalta lafiya lau.

Daga nan muka yi saɓanin da ya fi kowanne daɗewa a tsakaninmu. Ƙaraminmu ya ce mun gama da aljanu. A labari na gaba tsagar ce za ta zama dodo, ba fuska, ba murya, sai lokaci. Ya kawo misalin gadar ƙafa ta Millennium a Landan, da aka buɗe ranar 10 ga Yuni 2000 aka rufe bayan kwana biyu. Ta ɗan kaɗa gefe, masu tafiya suka gyara takunsu don kada su faɗi, gyaran ya sa takun jama'a ya zo ɗaya, takun ya ƙara kaɗa ta. Kowa yana ƙoƙarin tsira, ƙoƙarin ne ke girgiza gadar. Ya ce wane aljani ne ya kai wannan? Babbanmu ya ce duk ya ji, amma mutanen Point Pleasant ba wawaye ba ne, direbobin garinmu ma haka. Mutum ba ya iya kwana da tsoron milimita biyu da rabi. Ba ta da ido da za ka kauce wa, ba ta da lokacin fitowa da za ka guje wa. Mai farin mayafi kuwa tana da doka: kada ka bi bayan magariba, in ta kama dole ka bi a hankali, bakinka da addu'a. Wa ya san direbobi nawa ne suka taka birki a kwanar nan saboda ita, suka kwana a gidajensu? Ya kuma tuna mana cewa Gwaggo, da duk maganar ƙarfenta, har yau ba ta yarda a haye da ita in rana ta faɗi.

Wata huɗu fayil ɗin yana buɗe, wannan ya rubuta, wancan ya goge. Ba mu daidaita ba. Abin da kawai bakinmu ya zo ɗaya a kai shi ne tumakin nan biyu ba namu ba ne, bai kamata mu taɓa su ba.

Baba ya ajiye tuƙi shekara shida ke nan, ido ya yi rauni. Watan jiya muka ɗauko shi daga gida za mu kai shi Kano a duba masa idon, babbanmu na tuƙi, shi yana gaba, ƙaramin a baya. An yi wa gadar garinmu sabon ƙarfen gefe, an shafa masa fenti fari da baƙi. Da muka gangaro muka tarar wata tifa ta riga mu hawa daga can, muka tsaya jiran ta. Hannun babbanmu ya tafi da kansa ya kashe rediyo. Baba ya juyo.

"Wa ya koya maka wannan?"

"A wurinka muka gani, Baba. Saboda 'yan ruwa."

"'Yan me?"

Muka ba shi labarin yaron motarsa da abin da ya faɗa mana a Jebba. Ya yi dariya har da tari, ya ce Allah ya shirya wannan yaro, ko yana ina yanzu. Sannan ya ce bisimilla dai dole ce, a gada ko ba a gada ba. Amma rediyo, saurare yake yi. Gada gunduwa-gunduwa ake yin ta, a bar 'yar tazara a tsakani, saboda ƙarfe da kankare suna miƙewa da zafi su tsuke da sanyi. Ƙwanƙwasar da muka ji taya ce ke taka mahaɗar. Ya ce in ka bi hanya sau ɗari, ka san muryar kowace gada kamar yadda ka san tarin matarka a cikin duhu. Ranar da murya ta canza, ka tsaya a tasha ta gaba ka faɗa wa 'yan'uwanka direbobi su rage lodi ko su sake hanya, don babu wanda zai rubuto muku takarda.

"Kuma ka taɓa jin ta canza?"

"Sau biyu," ya ce. "Ɗaya an gyara."

Tifar ta ƙaraso ta wuce mu tana zubar da ruwan yashi. Baba ya sauke gilas ya ce, "To, bisimilla. A hankali." Muka hau. Gab-gab. Gab-gab. Mu dai duk ɗaya muka ji su, kamar yadda wanda bai yi karatu ba yake ganin baƙaƙe a allo. Baba ya karkatar da kai waje, idonsa a rufe, leɓensa na motsi yana ƙirgawa. Gab-gab. A ta huɗu ya ɗaga yatsa ɗaya, ya riƙe shi a sama har muka sauka a hayin.

Ba mu kunna rediyon ba. Mun yi nisa kafin ƙaraminmu ya leƙo ta tsakanin kujeru ya ce, "Baba, lafiya?"

"Yaushe za mu dawo?"

"Jibi, in Allah ya yarda."

"To, jibi mu biyo ta ɗaya hanyar," ya ce. "Yanzu kuma ka tsaya min a tasha. Akwai waɗanda zan gaisa da su."